Jawabi Ga Manoman Auduga A Kan Kajin Gida

Kuɗin auduga sau ɗaya yake zuwa a shekara. In damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, yaro ya kwanta ciwo, me za a sayar? Kaza.

To, mutane da yawa sun watsar da kajinmu na gado, su shazumama da durgu da wake-wake, suka bi kajin turawa don girman jiki. Amma kajin nan sai da abincin saye, ba su jure zafin bazara, galibinsu kuma ba su kwanci. Kazar gida kuwa tana kiwon kanta, ta yi ƙwai goma ko sha biyu, ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Har ƙwan zabi takan ƙyanƙyashe maka. Ku nemi irin wurin tsofaffin mata tun bai ɓace ba.

Sai dai ku kiyaye. Kada ku ba su angurya: akwai dafi a cikinta, shanu suna iya ɗauka, kaji ba su iyawa. Ran da aka yi feshi, ku tsare su kada su shiga gona su ci matattun tsutsotsi. Gwangwanin magani kuwa, ko an wanke shi, kada a zuba musu ruwa ciki.

Annobar da ke share kaji da hunturu ba ta da magani, sai rigakafi. Ku kira malamin dabbobi tun ana tsinkar auduga, kafin sanyi ya kama.