Rabon Barci a Lokacin Tashin Hankali

Shugaban taro, malamai, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa matasa.

Ba zan cinye muku lokaci da labarin yaƙi ba, don kun fi ni saninsa. Ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, kuma da yake barikin tankokin soja a nan Alshajara ta Khartum yake, wannan unguwa da maƙwabtanta irin su Allamab da Jabra sun sha ruwan wuta kusan shekara biyu, har zuwa Maris 2025 da soja suka sake karɓe Khartum. Yanzu da ake ta komawa gida, kowa maganar tanadi yake: ruwa, gawayi, magani, takardu a jaka guda. Duk daidai ne. Abin da ban ji ana sa shi a lissafi ba shi ne barci.

A shekarar 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, suka gwada mutanen da aka hana runtsawa. Suka tarar wanda ya kwana ya wuni ido biyu, awa 24, hannunsa da idonsa sun yi nauyi kamar na wanda ya sha barasar da doka ta hana tuƙi da ita. A 2003 kuma, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, aka taƙaita wa wasu barci zuwa awa shida har mako biyu. Natsuwarsu ta yi ta raguwa kullum, amma su a ganinsu lafiya lau suke. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali. Mai yunwa ya san yana jin yunwa. Wanda bashin barci ya hau kansa, rantsuwa zai yi muku cewa garau yake, alhali shi aka ba sitiyarin motar da za ta fitar da iyali zuwa Madani ko Atbara.

Ku tuna yadda dare ya koma. Mu da muka saba fitar da gadon angareb tsakar gida mu sha iska, sai ga mu cunkushe a ɗaki saboda tsoron harsashi, an shimfiɗa wa yara ƙarƙashin gado, babu wuta, zafi ya haura maki 40, ga sauro. Maigida na zaune bakin ƙofa yana sauraron ƙarar jirgi maras matuƙi, uwargida ma ba ta rufe ido ba, samari na ta dube-duben waya. Gida guda, mutum biyar suna gadi ɗaya. Gari na wayewa babu mai ƙarfin zuwa ɗebo ruwa, babu mai kan da zai yanke shawarar a zauna ko a fita.

Gyaran ba ya cin ko sisi. A raba dare: ɗaya ya tsaya, saura su kwanta, a canja bayan awa uku ko huɗu, domin kowa ya sami barci mai tsawo wanda ba a katse ba. Babba yana bukatar awa bakwai a rana. In ba ta samu a dunƙule ba, a cike da ƙailula. Hukumar NASA ta gwada matuƙan jiragen sama a shekarun 1990, ta ga ɗan barcin kimanin minti 26 ya dawo musu da kaifin hankali. Gadin gab da asuba, tsakanin ƙarfe uku da biyar, shi ya fi wuya, don a nan barci ɓarawo ya fi sata, sai a ba wanda ya riga ya huta. Wanda aka tasa daga barci mai nauyi kuma a ba shi kamar minti 20 ya wartsake kafin ya tuƙa mota ko ya auna wa majinyaci magani. Jabana, wato gahawa, tana taimakon mai gadi, amma rabin ƙarfinta na nan a jini bayan awa biyar, don haka mai shirin kwanciya ya haƙura da ita.

Na san abin da ke hana mu: kunya. Matasan ɗakunan agajin gaggawa da matan takaya, wato wuraren girkin sadaka, da suka ciyar da Omdurman da Khartum, da yawansu gani suke kwanciya cin amanar masu jin yunwa ce. Malamai na nan, su shaida: Suratul Anfal ta lissafa gyangyaɗin da ya sauko wa Sahabbai a Badar cikin ni'imomin aminci. Ba ragwanci ba ne.

Roƙona ga kwamitin unguwa shi ne, a takardar da kuke rubuta masu kula da ruwa da magani, ku ƙara layi guda na masu gadi da lokutan hutunsu. Iyaye mata, in kun ga ɗan agaji ya kwana biyu a tsaye, ku karɓi ludayin daga hannunsa, ku nuna masa tabarma.