Aikin zagaye ga sabon likitan gashin ƙashi



A Amurka akwai likitocin gashin ƙashi da ba su da asibiti guda. Kamfani ne ke tura su inda aka rasa ma'aikaci, su yi kwantiragin mako 13, su ƙara gaba. Abin da nake son tabbatarwa a nan shi ne Jihar Katsina ta fi buƙatar irin wannan tsari, kuma yana iya zama sana'a mai mutunci ga wanda bai daɗe da fitowa daga jami'a ba, in an cika sharuɗɗansa.

Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 34, amma ƙwararrun fannin nan sun taru ne a birni, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da asibitin Janar Amadi Rimi. Wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki a ƙauyen Malumfashi ko Mani yana buƙatar motsa gaɓoɓi sau da yawa a mako, kuma watannin farko bayan ciwon su ne jiki ya fi karɓar gyara. Kuɗin mota da na mai rakiya kan cinye aljihun iyali kafin wata ya cika, sai a haƙura, gaɓa ta ƙage. Haka yaron da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana jariri, haka wanda ɗorin gida ya bar wa hannu a sandare. An ayyana Najeriya ta rabu da cutar shan inna ta asali a 2020, amma waɗanda ta riga ta nakasa suna nan a kasuwanninmu da tashoshinmu. Tunda majinyacin ba ya iya zuwa, sai mai magani ya je masa, ya zauna wata uku a babban asibitin Daura ko Funtua ko Dutsin-Ma, sannan wani ya karɓe shi.

Za a ce yaron da ya gama jiya ba ya da gogewar zama shi kaɗai. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Ciwon baya na iya zama tarin fuka da ya ci ƙashin gadon baya, wanda bai gane ba ya danna, ya jawo masifa. Shi ya sa zagayen ba zai fara ba sai bayan shekarar horo a asibiti da samun cikakken lasisin hukumar da dokar 1988 ta kafa don kula da wannan sana'a. Bayan haka ma, a haɗa kowane matashi da babba a birni wanda zai duba bayanan majinyatansa kowane mako ta waya, ya kuma leƙa shi lokaci-lokaci. Da wannan, wata uku a Funtua zai nuna masa cututtuka iri-iri da ba lallai ya gani a ɗaki guda na babban asibiti ba, ya koya masa aiki da hannu da buhun yashi inda babu na'ura.

Za a kuma ce majinyaci zai riƙa sauya hannu. Gaskiya ne, maganinsa kuwa rubutu ne mai kyau a fayil, da koya wa mai jinya a gida, uwa ce ko ɗa, atisayen da za a riƙa yi kullum.

Sai tsaro. Ba wanda ya isa ya tura ɗan mutane Batsari ko Faskari ba tare da duba halin hanya ba, don haka a fara da garuruwan da ke da kwanciyar hankali. Ma'aikatar lafiya ta rubuta masauki mai kyau, musamman ga mata, da kuɗin mota da alawus a cikin takardar kwantiragi, ta kuma lissafa watannin zagayen cikin shekarun aiki ranar da matashin ya nemi gurbin dindindin.