Walƙiyar Ido Kafin Ciwon Ɓarin Kai: A Tambayi Mara Lafiya Kafin a Tura Shi Hoto

Lokacin da aka ba ni ba shi da yawa, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Ba sai na gaya wa wannan zaure mene ne ciwon ɓarin kai ba. Abin da ya kawo ni shi ne alamar da ke riga shi zuwa ga kusan mutum ɗaya cikin uku na masu fama da shi, wadda galibi a gani take bayyana. Mutum na cikin karatu sai wani ɗan ɗigo ya rufe masa harafi. Ɗigon ya soma buɗewa, bakinsa na ƙyalli, tsini-tsini kamar haƙoran zarto, yana matsawa gefe guda har ya fice. Bayan minti 20 ko 30 gani ya dawo garau, sai ciwon kai ya sauka da tashin zuciya da ƙin haske. Wani ma kan ba ya ciwo ko kaɗan.

To me ake yi wa wannan bawan Allah? A kemis a ce maleriya ce da taifot. Mai tabarau ya auna shi ya sayar masa da gilashi. A gida a ce iska ce. In ya iso gare mu likitoci, sai mu rubuta masa hoton ƙwaƙwalwa, ya ci bashi ya biya, hoton ya fito lafiya lau, mu ce masa babu komai. Shi kuwa ya san abin da ya gani.

Hujjata tsohuwa ce, kuma ba na gajiya da maimaita ta. A 1941 wani masani a Amurka, Karl Lashley, wanda shi kansa yake fama da abin, ya riƙa zana shi a takarda yana duba agogo. Daga zanen nan ya lissafa cewa wani abu ne ke tafiya a kan sashen gani da ke ƙeyar ƙwaƙwalwa, yana cin kimanin milimita 3 a minti guda. A 1944 Aristides Leão, ɗan ƙasar Barazil, yana gwaji a kan zomaye a Jami'ar Harvard, ya ga ainihin abin: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su zabura gaba ɗaya, sannan su yi tsit, abin yana yaɗuwa ga maƙwabta a hankali, kusan da wannan saurin. Zaburar ita ce ƙyallin, tsit ɗin shi ne gurbin da mutum ba ya gani. Ku yi lissafin da kanku: tsawon sashen kimanin santimita 6 ne, a milimita 3 kowane minti, ga minti 20 ɗin da mara lafiya ke gaya muku. Fensir da agogo suka gano wannan. Tafiyar hawainiyar nan ita ce shaidar ciwon, kuma hoton da muke rubutawa ba zai nuna maka ita ba, sai dai bakin mara lafiya. Ƙa'idojin Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya na 2018 ma a kan haka suka tsaya: alama mai yaɗuwa sannu a hankali, mai ɗaukar minti 5 zuwa 60, mai wucewa ba ta bar komai ba.

Na san za a ce hoto rigakafi ne, kada a kuskure ƙari. Na ji. Amma tambaya ce ke nuna wanda ke bukatar hoton. A ce masa ya rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. In abin yana nan a duka biyun, daga ƙwaƙwalwa yake. In ido ɗaya ne ya yi duhu farat ɗaya, ko walƙiya da baƙaƙen ɗigo suka taso masa, wannan maganar jijiyar jini ce ko ɓallewar tantanin ido, a ranar za a kai shi ga likitan ido. Mai bukatar hoton kuwa shi ne wanda abin ya fara masa bayan shekara 50, ko abin ya zarce awa guda, ko ya zo da raunin hannu. Mai juna biyu kuwa a auna jininta tukuna, don kada jijjiga ce ke tafe.

Masu tayar da shi kun san su: rashin barci, yunwa, ƙishirwa, ƙyallin rana, al'adar mata, barin goro ko kofi kwatsam, shi ya sa ƙorafi ke yawa a farkon azumi. Akwai kuma gado.

Babban abin da ke damuna yana ɗakin tazarar haihuwa. Mai wannan alama haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare ta ya kusan ninka na sauran mata, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a ba ta ƙwayar da ke ɗauke da sinadarin istirojin. Ga allura, ga ashanar fata, ga wasu hanyoyin da suka dace da ita. Amma wa ke tambayarta ko tana ganin walƙiya kafin ciwon kai?

Roƙona ga ma'aikatun lafiya da makarantun koyar da ma'aikatan lafiya na matakin farko shi ne a koyar da wannan tambaya, a kuma tabbatar ana yin ta kafin a miƙa ƙwaya. Ku kuma abokan aikina, ku ba mara lafiya takarda ya zana abin da yake gani, ya rubuta mintocin da ya ɗauka, ya kawo muku.