Kaburburan Gobero, da abin da ba a koya mana a lakwal ba



A Afirka ta Kudu, kusa da Johannesburg, akwai kogon da ake kira Sterkfontein. Nan aka tono ƙoƙon kan da ya shahara da sunan Misis Ples a 1947, kuma tun 1999 UNESCO ta sa yankin cikin kayan gadon duniya. Ka sayi tikiti, a ba ka hular kwano, ɗan jagora ya shiga da kai ƙarƙashin ƙasa. Mota-mota ake kai ƴan makaranta. To, mu a Nijar muna da wurin da ya isa a yi masa wannan layi, sai dai namu ba kogo ba ne, fili ne fetal cikin rairayin Tenere, kudu maso gabashin Agadas. Sunansa Gobero. Wa ya taɓa jin sunan a aji? Ku ɗaga hannu in gani.

A shekarar 2000 aka gano shi, kuma ba shi aka je nema ba. Tawagar Paul Sereno na Jami'ar Shikago ce ta fita neman ƙasusuwan dinoso, sai ta iske ƙasusuwan mutane sun leƙo daga tudun rairayi. Da aka koma aka yi aiki, an ƙirga kaburbura wajen 200. Kafin wani ya ce na kawo gardamar asalin ɗan Adam, waɗannan mutane ne irinmu sak, masu binne mamatansu.

Al'umma biyu suka zauna wurin. Ta farko, wajen shekara 10,000 zuwa 8,000 da suka wuce, dogaye ne ƙarfafa, wasu sun kusa mita 2. Me suke ci? Kifi! A Tenere! An samu masun kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa, da na kada da dorina, domin tafki ne a wurin. Daga baya fari ya kore su, wurin ya yi kusan shekara 1,000 ba kowa. Da ruwa ya dawo sai wasu suka zo, siraran jiki, suka zauna har wajen shekara 4,500 baya, lokacin da tafkin ya ƙafe.

Akwai kabari ɗaya da nake so ku riƙe. Mace ce kwance a gefenta, ga yara biyu, ɗan wajen shekara 5 da ɗan wajen 8, suna fuskantarta, hannuwansu a sarƙe. A ƙarƙashinsu an samu ƙurar furanni, alamar a kan fure aka shimfiɗe su. Shekara fiye da 5,000 ke nan. A wani kabarin kuma yarinya ce da awarwaro na haƙorin dorina a damtsenta. Wallahi duk wanda ya ga hoton uwar nan da yaranta, ba zai sake cewa mutanen da dabbobi ne ba.

Ku mutanen Tibiri, tarihin Gobirawa da kansa yana cewa daga Azbin aka gangaro kudu. Ban ce mutanen Gobero kakanninku ne ba, tsakani akwai dubban shekaru. Amma labarin ruwa ya janye, jama'a ta bi shi, ai ba baƙo ba ne ga mai noma a bakin Gulbin Maradi.

Ga inda abin ke ci mini rai. Zuwa Gobero sai da kat-kat, da mai, da rakiyar soja. Ɗan lise na Maradi ba shi da hanya. Iska kuwa ba ta jira, abin da ta tone bana sai ta niƙe shi baɗi. Kabarin uwar nan ɗungurungum aka ɗauke shi zuwa Shikago domin bincike, bayanin kuma da Turanci ya fito a 2008. Mun ga abin da ya faru da Bura a yammacin ƙasar nan: marigayi Boubé Gado ya tono wurin a 1983, bayan haka ɓarayi suka far wa yankin, tukwane da mutum-mutumin yumɓu suka ƙare a kasuwannin Turai. Masu saye na da laifi, amma hannun da ya riƙe shebur namu ne, a kan kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Mu rubuta wa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta gayyato mai bincike daga cibiyar IRSH ta Yamai, ya yi mana bayanin Gobero da Hausa, da hotuna. Mai zuwa Yamai ya ware awa biyu ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama, ya ɗauko hoto ya nuna a fadarsu lokacin shayi. Masu haƙar laka da masu ginin rijiya kuma, in kun ci karo da tsohuwar tukunya ko ƙashi, kada ku fasa, kada ku sayar. Ku ɗauki hoto a inda yake, ku sanar da mai gari.

Takardar tana nan a kan tebur, mai so ya sa hannu kafin ya fita.