Takardar Shaidar Nazarin Laifi da Hukunci: Tsadarta da Amfaninta

Nazarin laifi da hukunci fanni ne da yake bin mai laifi, ko wanda ake zargi, tun daga ranar da aka kama shi har zuwa ranar da ya fito daga gidan gyaran hali, saboda haka ya tattara aikin 'yan sanda da na kotu da na gandirobobi a wuri guda. Takardar shaida kuwa, wadda jama'a suka fi sani da satifiket, ita ce mafi ƙanƙantar abin da makaranta take bayarwa, domin ba ta kai difloma ba balle digiri, kuma yawanci ana kammala karatunta cikin 'yan watanni. Tambayar da take gaban iyaye da matasa ita ce ko kuɗin da za a zuba zai dawo ta hanyar albashi, amsar kuma ta dogara ne ga inda mutum yake tsaye lokacin da ya nemi takardar.

Wanda bai shiga aiki ba tukuna ya kamata ya san cewa hukumomin tsaro a Najeriya suna da ƙofofinsu, kuma wannan takarda ba ta cikin mabuɗansu. Rundunar 'yan sanda tana ɗaukar kurtu da sakamakon sakandare mai kiredit 5 har da Turanci da lissafi, sannan ta horar da shi da kanta a kwalejojinta irin na Kaduna da Maiduguri da Ikeja, yayin da mai son fitowa a matsayin hafsa yake neman gurbi a Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, inda ake haɗa digiri da horo. Mai son zama lauya ba shi da mafita sai ya yi digirin shari'a, ya wuce Makarantar Lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda. A aikin gwamnati ma, digiri ne yake ɗora ma'aikaci a mataki na 8, ƙaramar difloma kuma a mataki na 6, amma gajeren satifiket ba kasafai yake sauya matakin da aka ɗauki mutum a kai ba. Abin tausayi ne a ga an sayar da akuya ko an ci bashin adashi don takardar da mai tantance masu neman aiki zai ɗaga ya duba, ya mayar cikin fayil, ya ce a miƙo masa sakamakon sakandare.

Tsadar kuma ba ta tsaya ga kuɗin makaranta ba, domin akwai na fom da na mota da na takardun darasi da na data, ga kuma watannin da aka janye daga kasuwa ko gona, alhali mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne a wata.

Lissafin yana juyawa ga wanda ya riga ya sa kaki. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda jihohi suka biyo baya da irin tasu, ta haramta kama ɗan'uwa ko matar wanda ake nema a madadinsa, ta tsara yadda ake ɗaukar bayanin wanda ake zargi, ta kuma ɗora wa alƙalan majistare kai ziyara ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Kofur da yake zaune a bayan kanta a caji ofis, da littafin rahoto a gabansa, wata tsohuwa tana tsugune tana roƙon a saki ɗanta da aka riƙe saboda ƙanensa ya gudu, shi ne mutumin da wannan ilimi zai amfana a ranar da ya koye shi, ya kare kansa daga tuhuma, ya kare talaka daga zalunci. Haka nan dokar 2019 da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gyaran Hali ta kafa sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, wato sakin mai laifi bisa sa ido ko sa shi aikin al'umma, kuma a ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na tsararru suke jiran shari'a, sashen yana matuƙar buƙatar ma'aikatan da suka iya rubuta rahoton hali wanda alƙali zai dogara da shi. Kamfanonin gadi masu zaman kansu, waɗanda hukumar Sibil Difens take sa wa ido, su ma wuri ne da takardar take iya bambanta mai gadi da mai kula da masu gadi.

Ko ga waɗannan, sai an bincika asalin makarantar kafin a biya kobo. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce take amincewa da darussan digiri, Hukumar Ilimin Fasaha da take Kaduna kuma take kula da na kwalejojin fasaha, kuma cibiyar da ta kama hayar bene a bakin titi tana raba takarda mai hatimin zinare ba lallai ne wata hukuma ta san da zamanta ba. Ma'aikaci ya fara samun izinin karatu a rubuce daga hukumarsa, ya kuma tambaya ko takardar za ta zama tsani zuwa difloma ko zuwa digirin nazarin laifuka da tsaro irin wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa take koyarwa, inda yake iya karatu ba tare da ya bar bakin aikinsa ba.