Wanda Za Ki Kai Wa Kukanki

Mai tsintar shinkafa ta ci gaba da tsintarta, mai goyo ta gyara goyonta, aron kunne kawai nake roƙo.

Yau daga kudancin kogin Kaduna na zo muku, daga Kakuri. Ni Kirista ce, kuma na daɗe a cikin ƙungiyar matan coci da muke kira Zumuntar Mata. Na san da yawa daga cikinku ba ku taɓa leƙa coci ba, sai dai yara su dawo daga aike su ce sun ga mata sun yi anko suna waƙa suna buga tulu. To, mu ke nan. Bayan waƙar akwai wani aiki da ba a ganinsa daga titi, shi na zo mu tattauna, domin ya shafi ciwon da ke kama mace ko a wane gida take: ciwon zuciya wanda ba ya jini, da kuma mutumin da take kai wa kukanta.

Sai na fara da Kakurin kanta. A shekarar 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar KTL, wasu masaƙun suka biyo baya, ga kamfanin haɗa motocin Peugeot da ya zo a 1975. Mutane suka kwararo daga kudancin Kaduna, daga Filato da Binuwai, daga Kano da Katsina. Kowa da yarensa, amma Hausa ta haɗa mu a kasuwa da bakin famfo, har cikin coci, inda muke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa tun 1932. A lokacin mace ta san ƙarshen wata albashi zai shigo.

Sai rikicin watan Fabrairu da na Mayu na shekarar 2000 ya zo, na Nuwamban 2002 ya biyo. Ba sai na ba ku labari ba, wasunku a lokacin kuka bar ɗakunanku a Kakuri da Nasarawa kuka koma Tudun Wada da Rigasa, wasu kuma suka ƙetaro wajenmu da ƙullin kaya a ka. A 2002 ɗin dai aka rufe KTL, a 2007 UNTL ma ta tsayar da aiki. Magidanta suka wayi gari a zaune a ƙofar gida, wasu har suka rasu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Nauyin ya faɗo kan mata: suyar ƙosai, wankau, sayar da gawayi. Ana tambayar mace ko ta samu na cefane, ba a tambayarta ko ta yi barci.

A waɗannan shekarun akwai wata ƙanwata a zumunta, ba zan faɗi sunanta ko na cocin ba. Mijinta ya rasa aiki tana da ciki na huɗu. Bayan ta yi arba'in sai muka ga ta canja. Mace mai fara'a, mai jan baki in ana waƙa, ta koma ta zauna ta zuba wa bango ido. Ta ɗora miya ta manta gishiri. Jariri na kuka a gefenta, tana jinsa kamar daga gidan maƙwabta. Da dare ba barci, da rana ba ƙarfi. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, wasu kuma, Allah Ya yafe mana, muka ce raunin bangaskiya ne.

Ta daure ta je wurin fastonmu na lokacin, ta zazzage masa cikinta, har da abin da ke tsakaninta da mijinta wanda ko mahaifiyarta ba ta gaya wa ba. Ya yi mata addu'a, ya ce ta yi azumin kwana uku. Mai shayarwa fa! Ranar Lahadi ya hau bagade yana wa'azi a kan rashin dogara ga Allah, sai ya kawo labarin wata mata da ta zo wurinsa. Bai kira suna ba. Amma Kakuri fa gidan haya ne, ɗaki na jingine da ɗaki, kafin ya kai ƙarshe rabin mata sun waiwaya suna kallonta. Ta saɓa ɗanta ta fita, ba ta ƙara dawowa ba har wata bakwai.

Wadda ta cece ta wata tsohuwa ce da mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta iya karatun boko ba, Baba muke ce mata. Kullum da hantsi sai ta je gidan, ta wanke tsumman jariri, ta share tsakar gida, ta dama kunu, ta zauna a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta ce mata ki yi haƙuri ba. A rana ta biyar yarinyar ta buɗe baki ta ce, "Baba, wani lokaci ina jin gara in kwanta kada in tashi." Baba ba ta yi salati ta tara mutane ba. Ta jira maigidan ya dawo, ta zaunar da shi kamar ɗanta, washegari su uku suka hau mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa. Likita ya saurare ta, ya ba ta magani, ya ce ta riƙa dawowa. Ba a kwantar da ita ba, ba a ɗaure ta ba. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, ya ɗauki watanni.

'Yar'uwa, wannan ciwo likitoci sun san shi, ciwon damuwa ake ce masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kama mata a kan maza, kuma a cikin mata goma masu ciki ko sabuwar haihuwa, fiye da ɗaya na fama da shi. Ɓacin rai na kwana biyu kowa na yi. Amma idan kika kai mako biyu kusan kullum zuciyarki a cushe, abin da kike jin daɗinsa da ya fita ranki, barci ya ƙaura ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, kina ganin ke ba kya da amfani, to, lokacin ganin likita ya yi, ko da a ƙaramin asibitin unguwa ne inda kike awo. In kuwa tunanin kashe kai ko cutar da jariri ya fara zuwa, wannan ba a kwana da shi, a faɗa wa wani a ranar. Zuwa Barnawa ba shi ne hauka ba. Ko gwamnati ta sauya tunani: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai wannan ciwo a matsayin wanda za a kulle kawai.

Kuma kada wani ya ce miki baƙin ciki ƙarancin imani ne. Da mu da ku duka mun san labarin Annabi Yakubu da irin kukan da ya yi na rabuwa da Yusufu, shekara da shekaru. Wa zai ce Yakubu bai dogara ga Allah ba? A yi addu'a, a sha magani.

To, sai maganar fasto. Nan ne abin ya yi mana wuya. Tun muna yara ake tsorata mu cewa wanda ya ɗaga murya a kan bawan Allah zai gamu da masifa. Amma coci-coci irin su ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, da HEKAN mai hedkwata a nan Kaduna, da sauran tsofaffin ikilisiyoyi, ba a gina su a kan mutum ɗaya ba. Akwai dattawan ikilisiya da jama'a ke zaɓa, akwai ma'aji, baikon ranar Lahadi ba mutum ɗaya ke ƙirga shi ba, kuma a saman fasto akwai majalisar da ta turo shi, wadda za ta iya ɗauke shi. A wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti ya ce kada a karɓi ƙara a kan shugaba sai da shaidu biyu ko uku. Mutane sukan tsaya a nan, su manta ya ci gaba da cewa wanda aka samu da laifi a tsawata masa a gaban jama'a. Wato ƙofar ƙara a buɗe take, ƙofar tsegumi ce aka rufe.

Mu huɗu muka je wurin dattawa, da izinin mai ciwon, gabanmu na faɗuwa, domin a cocinmu mata ba sa zama a wannan majalisa. Zaman farko wani dattijo ya ce mata ba sa rabo da ƙananan maganganu. Baba ta ce masa, "In 'yarka ce aka tona a gaban mutum ɗari uku, ƙaramar magana ce?" Ya yi shiru. Sai a zama na uku aka kira faston. Ba a kore shi ba, kuma ni ban so a kore shi ba. Ya je gidan da matarsa ya nemi gafara. Aka kuma kafa ƙa'ida: abin da aka faɗa a ɗakin shawara ba ya hawa bagade ko da an sauya masa riga, kuma namiji ba ya ganawa da mace shi kaɗai a rufe ƙofa, sai da matarsa ko wata dattijuwa a kusa.

A wannan zaman ne muka ji abin da ba mu sani ba. Mutumin nan ya binne mutanensa da dama a 2000, wata biyar ba a biya shi albashi ba saboda masu ba da baikon su ma ba su da aiki, shi kansa ba ya barci. Kowa na kawo masa kaya, shi ba shi da inda zai sauke. Wannan bai wanke shi ba, amma ya nuna mana laifinmu. A Attaura surukin Annabi Musa ya gan shi yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya ce masa zai gajiyar da kansa da jama'a, ya raba aikin. Mu ma muka raba: ziyarar masu jego da marasa lafiya ta koma hannun dattijan zumunta.

Inda babu mai tambayar shugaba kuwa, mun ga abin da ke faruwa. A Janairun 2024 BBC ta fitar da bincike a kan T.B. Joshua na Legas, wanda ya rasu a 2021, inda mata da dama da suka zauna a gidansa da sunan almajiransa suka yi zargin duka da fyaɗe na tsawon shekaru. Cocin ya ce zarge-zargen da aka sha yi masa ba su da tushe. A nan gida kuma, a Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa suka fito da maza da yara wajen 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Addini daban, amma ku dubi kamannin: ƙofa a rufe, an raba mutum da danginsa, mai gidan ba ya amsa tambayar kowa.

Mu a coci muna da kalmar almajiranci, ba ta bara ba, ta zama kusa da wanda ya riga ki a hanya kina koyon hali daga gare shi. Bulus ya rubuta wa Titus cewa tsofaffin mata su koyar da ƙanana. Ku ma kuna da gadonku. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis, dattijan mata da take ɗora wa malfa, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan da ba sa fita. Jaji mace ce da garinta ya san halinta, kuma tana da wadda take komawa gabanta.

Yau mai shigo miki gida ba sai ya bi ta zaure ba, ta waya yake shigowa. Akwai malamin WhatsApp, akwai mai addu'a, akwai mai magani, akwai malama mai ba da shawarar aure. Wasunsu mutanen kirki ne. Kafin ki buɗe masa cikinki dai, ki tambayi kanki: wa ya san shi, wa ke sama da shi da za a kai ƙara in ya yi ba daidai ba? In ya ce kada ki gaya wa maigida ko mahaifiyarki, in ya ce ki turo hoto, in kullum sai kin tura kuɗi, in ya ce ki daina shan maganin asibiti, in ya fara nuna miki kishiya ko uwar miji a matsayin masu yi miki asiri, ki goge lambar. Ki duba kusa da ke. Wataƙila gwaggo ce, ko malamar Islamiyyarku, ko unguwarzomar da ta karɓi haihuwarki, wadda kika taɓa gaya wa ƙaramin sirri kika ji bai dawo miki ta bakin wata ba.

Maigida, na san kana zaure kana ji. In uwargida ta ce tana son ganin likita alhali ba zazzaɓi ba ciwon kai, don Allah kada ka ce shagwaɓa ce. Ka raka ta, ko ka haɗa ta da yayarka. Ke kuma in bakinki ya yi nauyi, ki sa dattijuwar da yake jin nauyinta ta faɗa masa.

Ƙanwar tawa tana nan da ranta, ɗan da ta goya a lokacin ya zama saurayi. Baba ta rasu. Yanzu ita ce ke zagaya masu jego a layinsu, har da maƙwabtanta Musulmi biyu, kuma na lura ba ta zuwa hannu sake, da 'yar gyaɗarta take tafiya.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure. A shafa mini kan yara. Sai wani makon in Allah Ya kai mu.