Ladubban Gidan Motsa Jiki: Waƙa Da Waya A Tsakiyar Jama'a

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiyarmu a unguwar Barade, Jalingo)

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban taro, iyayenmu malamai, dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da ku 'ya'yanmu samari, muna yi wa kowa barka da zuwa. An umarce mu da mu ɗan tofa albarkacin bakinmu a kan wani abu wanda idan mutum ya ji shi daga nesa zai ce ai wannan bai kai a tara dattawa ba, watau maganar rera waƙa da ƙarfi da kuma riƙon waya a gidajen motsa jiki, waɗanda yara ke kira jim. To amma jama'a, da ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma mun ga ya fara tsonewa.

Da farko bari mu faɗi abin da ya kai mu waɗannan gidaje. Iyayenmu da suka zo ƙasar Muri daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, da ƙafa da jaki da kwalekwale suka yi fatauci, su ne aikinsu motsa jiki. Mu kuwa tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba ranar 27 ga Agusta 1991 Jalingo ta zama hedikwata, sai zama ya yi mana yawa. Daga gida a hau mota ko Keke Napep, a zauna a shago tun safe har la'asar, a ci tuwo da dare a kwanta. Ga sakamakon nan muna gani: teɓa, hawan jini, ciwon suga, ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, watau kamar minti 30 a rana har kwana 5. Shi ya sa yanzu bayan asuba za ku ga mutanenmu suna sassarfa a wajen filin wasa na Jolly Nyame, wasu kuma sun biya kuɗin wata a gidajen motsa jiki na cikin gari. Alhamdu lillahi, wannan abu ne mai kyau, kuma ba mu zo nan don mu hana kowa ba.

Abin da ya tara mu shi ne ƙorafe-ƙorafe uku da suka iso gaban dattawan ƙungiya. Ba za mu ambaci sunan kowa ko sunan gida ba, domin gyara muke nema.

Na farko, wani yaronmu ya toshe kunnuwansa da iyafis yana ɗaga ƙarfe, yana bin waƙar da yake ji da iyakar muryarsa. Wani bawan Allah, ma'aikacin gwamnati wanda ba Bahaushe ba, ya yi masa magana sau biyu bai ji ba, sai ya taɓa kafaɗarsa. Yaro ya juyo a fusace, magana ta zama cacar baki, kowa abokansa suka taso. Da mai gidan bai shiga tsakani ba, da Allah kaɗai Ya san inda za ta tsaya.

Na biyu, wani ɗan'uwanmu mai harkar hatsi ya hau injin gudu, waya ta shigo daga Mutum Biyu, ya tsayar da injin bai sauka ba, ya shiga cinikin masara a lasifika. Mutum uku suna tsaye suna jiran injin. Kafin ya gama kowa a ɗakin ya san farashin da ya saya, ya san wanda yake bi bashi da wanda ke binsa.

Na uku shi ne ya fi ɓata mana rai. Wani saurayi ya kafa wayarsa yana ɗaukar kansa bidiyo a gaban madubi, ashe a bayansa akwai wani dattijonmu wanda likita ya ce lalle ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, yana fama da keke, yana haki, rigarsa ta jiƙe. Bidiyo ya shiga WhatsApp, yara suka yanke wurin dattijon suka sa masa kiɗa. Tun ranar bai sake komawa ba. Da muka je gaishe shi sai ya ce mana, "Alhaji, ni da jikokina su ganni a haka, gara na zauna a gida in sha magani." Jama'a, idan ciwon mutumin nan ya tashi, wa ke da kamasho a ciki?

To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Kada wani ya ce mana waƙa lokacin aikin ƙarfi baƙon abu ne ga Bahaushe. Mun tashi mun ga gayya, makaɗa suna bin bayan manoma da gangar noma suna zuga su. Mun ga iyayenmu mata suna lugude, taɓarya na tashi tare da waƙa. A fagen dambe akwai kalangu, kuma wanda ya saurari rediyon Kaduna a shekarun baya ya san yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago. Amma ku lura da abu guda: waƙar gayya ta kowa ce. Kowa na jin gangar, kowa ya yarda da ita, ita ce ma ke daidaita saran gatari da tashin garma. Shi kuwa mai iyafis shi kaɗai ke jin kiɗan, mu sauran sai dai mu ji muryarsa tsirara, ba kiɗa ba amshi, kuma ba wanda ya nemi izininmu.

Akwai dalilin da ya sa muryar ke tashi haka. Mutum yana auna ƙarfin muryarsa ne da kunnensa. Idan ƙara ta rufe masa kunne, sai ya ɗaga murya ba tare da ya sani ba. Wani likitan kunne na Faransa mai suna Lombard ya bayyana wannan tun 1911, kuma mu ma mun san shi a wurin injin niƙa, inda sai an yi ihu ake jin juna. Saboda haka yaron nan a ransa ƙasa-ƙasa yake yi, alhali ya cika ɗaki. Wannan uzuri ne gare shi a karo na farko, amma bayan an gaya masa ba sauran uzuri. Mun karanta tun muna Islamiyya a cikin Suratu Luƙman yadda bawan Allah Luƙmanu ya hori ɗansa da sassauta murya, da kuma dabbar da aka kwatanta mai ɗaga murya da ita. Ba sai mun faɗa ba, kowa ya sani.

Sa'an nan kunnen kansa amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A jim dama akwai kiɗan gida da ƙarar ƙarafa, don haka sai yaro ya ƙure wayarsa don ya danne su. Ya je neman lafiyar ƙirji, ya dawo da kunne yana masa kuwwa. Kuma wanda ya toshe kunne ba zai ji ba idan na kusa da shi ƙarfe ya danne masa ƙirji yana neman agaji.

Haka nan muna jan hankalin 'yan'uwanmu masu kyakkyawar niyya waɗanda ke sakin karatun Alƙur'ani ko wa'azi a lasifikar waya a tsakiyar ɗakin. Malamanmu sun karantar da mu cewa idan ana karanta Alƙur'ani, saurare da shiru ake yi. Ɗakin da ake buga ƙarfe ana hira ana dariya ba wurinsa ba ne. Ban da haka, idan ka saki naka, maƙwabcinka Kirista zai ce shi ma yana da ikon sakin waƙarsa ta coci, daga nan sai gasa. Wanda yake son saurare ya sa a kunnensa, ladansa na nan.

Mu koma kan waya. Mu da muka haura hamsin mun yi kasuwanci kafin GSM ya shigo Nijeriya a 2001. Saƙo muke bayarwa ta hannun direba zuwa Yola ko Wukari, ko mu bi layi a ofishin NITEL, kuma ciniki bai mutu ba. Yanzu an wayi gari mutum ba ya iya haƙuri da waya na minti 40. Mu 'yan kasuwa mu ne kan gaba a wannan laifi, gaskiya ɗaya ce. Wa ya taɓa ganin ana cinikin shanu a Iware da ihu? Dillali jan mutum gefe yake yi, a yi magana ƙasa-ƙasa, domin sirrin ciniki shi ne jarin ɗan kasuwa. To me ya sa za mu tona shi a gaban mutum ashirin da ba mu sani ba, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, muna faɗin adadin kuɗi da ranar da za mu hau hanya? Sa'an nan wanda ya zauna kan benci yana latsa waya alhali wasu na jira, ya sani kuɗin wata ɗaya aka biya, lokacin da ya cinye haƙƙin wani ne. Injin gudu kuma ba ya tsayawa don ka duba saƙo. Ka sunkuya kaɗan, sai ya watsar da kai.

Game da hoto da bidiyo, wannan ba ladabi kaɗai ba ne, akwai zunubi a ciki. A wurin motsa jiki mutum ba ya cikin kamalarsa: ba babbar riga, ba hula, ga zufa. Suratul Hujurat ta hana mu izgili da binciken aibin juna, kuma mun san falalar wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa. Bidiyon da ya shiga TikTok ko Facebook kamar magana ce, zarar bunu, ba ta komawa. Abin ya fi muni idan mace ce ta faɗo cikin hoton, domin ana iya kashe aure a kan haka. Mun sha wuya kafin wasu magidanta su yarda matansu masu ciwon suga su riƙa zuwa a lokutan da aka keɓe wa mata. Hoto guda ya isa ya rufe wannan ƙofa. A sani kuma ƙasa tana da dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanan mutane ta 2023, don haka wanda aka ci wa mutunci yana da inda zai kai ƙara.

Jama'a, akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi shafar mu. Garin nan Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi a 1893, kuma muna zaune cikinsa tare da Fulani da Mumuye da Jukun Kona da Wurkum da Tibi da Ibo da sauran jama'a. A masallaci mu kaɗai ne da 'yan'uwanmu Musulmi, a layin kasuwa kowa ya san na kusa da shi, amma gidan motsa jiki yana cikin 'yan wuraren da yaronmu zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da soja da malamin jami'a da ma'aikaciyar asibiti. Idan ya yi rashin ladabi ba za a ce ɗan wane ba ne, cewa za a yi Hausawa. Kuma duk wanda ya daɗe a jihar nan ya san yadda faɗan mutum biyu ke iya rikiɗewa ya zama na unguwa da unguwa. Iyayenmu da haƙuri da iya zama suka samu wuri a nan, kada mu zubar da shi saboda waƙa.

Don haka ga abin da muke roƙon ƙungiya ta amince da shi:

1. Wanda zai saurari wani abu ya sa a kunnensa, ya rage sauti yadda zai ji idan an yi masa magana, kuma ya bar waƙar a zuci.
2. A kashe ƙarar waya kafin a shiga. Idan kira ya zama dole, a sauka daga kan inji, a fita waje a amsa.
3. Kada a zauna kan benci ko keke ana latsa waya alhali wani na jira.
4. Ba ɗaukar hoto ko bidiyo sai da izinin mai gida da na duk wanda zai fito a ciki. A lokacin mata da wurin sauya kaya kuwa babu shi sam.
5. Wanda aka turo wa bidiyon izgili ya goge, kada ya tura gaba.
6. Idan an kira salla a dakata, a nemi mai gida cikin ladabi ya sassauta kiɗa.
7. Wanda zai yi gyara ya tsaya a gaban mutum inda zai gan shi, ya yi masa alama da hannu, ya yi sallama, kada ya taɓa shi ta baya. Idan bai ji ba a gaya wa mai gida. Wanda aka yi wa gyara kuma ya ce na gode.

Muna kuma ba da shawara dattawa biyu su raka yaron da ya ɗauki bidiyon nan ya je ya ba baban nasa haƙuri, sa'an nan mu sami mutum biyu ko uku sa'o'insa su riƙa biya masa da safe su tafi tare, domin ya koma kan umarnin likita. Shi ma'aikacin da aka yi cacar baki da shi, mun riga mun je mun same shi, ya karɓe mu hannu biyu, ya ce ya yafe.

Ku 'ya'yanmu samari, ba mu ƙi jinin zamaninku ba. Mu ma mun rataya rediyo mai kaset a kafaɗa, iyayenmu suka tsawata mana, yau ga shi muna yi musu addu'a. Ku riƙe wannan, wata rana ku ne za ku tsaya a nan.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya albarkaci kasuwanninmu, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Jalingo da Jihar Taraba da Nijeriya lafiya, amin.